Daga sifili zuwa goma, nawa ne ciwon?

A makarantar koyon jinya a gida Najeriya an koya mana auna zafin jiki, bugun zuciya, hawan jini da numfashi. Kowannensu da abin awonsa. Ciwo ne kaɗai sai ka tambayi mai shi, kuma amsar da zai ba ka ta danganta da gidan da ya tashi. Na fi ganin haka da aiki ya kai ni Ingila, ɗakin masu karaya da waɗanda aka yi wa tiyatar ƙugu da gwiwa.

Turawan Ingila suna da kalmar agony, wadda a ƙamus take nufin matsananciyar azaba. A bakinsu kuwa ba kullum take da wannan nauyi ba. Mace za ta kira takalmin da ya matse ta a wurin biki da ita. Mai kallon ƙwallo zai kira bugun fenareti da ita, ɗalibi ya kira jiran sakamakon jarrabawa da ita. Har matar da ke amsa wasiƙun masu matsalar aure da soyayya a jarida agony aunt suke ce mata, wato gwaggon masu damuwa. Kuma da wannan kalma ɗin ce tsohuwar da ƙugunta ya karye za ta gaya miki halin da take ciki da ƙarfe uku na dare. Kunnen da ya taso inda ake yi wa mai raki dariya sai ya ji kamar an zuzuta. Mu da mace ke naƙudar fari tana cije leɓe don kar a ce ta yi abin kunya.

Sistar da ke kula da ɗakinmu ba ta wasa da wannan. Ƙa'idarta ita ce wadda wata nas Ba'amurkiya, Margo McCaffery, ta faɗa tun 1968: ciwo shi ne abin da mai jin sa ya ce, kuma yana nan a duk lokacin da ya ce yana nan. Mu ma ai muna cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Don haka ba a yi wa mara lafiya gardama. A tambaye shi daga sifili zuwa goma nawa ne, a rubuta, a ba shi magani, a dawo a sake tambaya. Lambar ba don a gwada wani da wani ba ce. Takwas ɗin wannan ba ita ce takwas ɗin na gadon kusa ba. Amfaninta a ga ko takwas ɗin mutum ta sauko huɗu bayan allura.

Ni dai a ganina lambar ita kaɗai gurguwa ce. Abin da ya fi ba ni haske shi ne abin da ciwon ya hana mutum yi. Kana iya tari? Kana iya juyawa a gado? Ka taka zuwa banɗaki? Ba tambayoyin hira ba ne. Wanda ciwo ya hana jan dogon numfashi bayan tiyata, majina ce ke taruwa masa a huhu, namoniya ta biyo baya. Wanda ya ƙi motsawa, jini na iya daskare masa a jijiyar ƙafa, gudan ya ɓalle ya tafi huhu.

Abin mamaki, masu ɓoye ciwo sun fi ba ni wahala fiye da masu kururuwa, kuma Turawa ma suna da su da yawa. Dattijo zai jiƙe da gumi, ya riƙe ƙarfen gado, ki tambaye shi ya ce ba laifi, ba ya son ya dame ki, ya ga aiki ya yi miki yawa. Sak iyayenmu. Irin wannan sai ki karanta fuskarsa da numfashinsa, ki kuma gaya masa ƙarara cewa shan magani ba ragwanci ba ne, shi ne zai sa ya tashi da wuri.

Akwai kuma ciwon da ko mofin, maganin nan mai ƙarfi na kashe zafi, ba ya kaiwa gare shi. Wani tsoho kullum da dare in an tambaye shi lambar ciwonsa takwas yake cewa, alhali raunin yana warkewa lafiya. Wata rana ina canza masa bandeji ya ce matarsa tana da ciwon mantuwa, shi ne mai ba ta abinci da magani, yanzu ga shi a kwance, maƙwabciya ce kawai ke leƙa ta. Aka kira ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, aka samo masu zuwa gidan safe da yamma. Ba a ƙara masa ko ƙwaya ɗaya ba, lambar ta sauko. Cicely Saunders, wadda ta buɗe gidan kula da masu ciwon ajali na St Christopher's a Landan a 1967, ta daɗe da faɗar wannan: ciwon jiki, fargaba, damuwar iyali da ta ruhi a dunƙule suke zuwa wa mutum.

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne masu sikila, don cutar gida ce, Najeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan jariran da ake haifa da ita. Tun 2012 ƙa'idar hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin kula da marasa lafiya a Ingila, ta ce wanda ciwon ya tasar masa a ba shi maganin kashe zafi cikin minti 30 da isowarsa asibiti. Duk da haka rahoton da wani kwamitin 'yan majalisar Birtaniya ya fitar a 2021 ya nuna ana barin su suna jira, wasu ma a ɗauke su masu neman ƙwaya. Abin da ya janyo binciken shi ne mutuwar wani saurayi ɗan shekara 21 a wani asibitin Landan a 2019, wanda ya kira lambar gaggawa ta 999 daga kan gadonsa na asibiti saboda an hana shi iskar oksijin. Ya faɗi abin da yake ji, ba a saurare shi ba.

Yanzu ko waya na yi gida, ba na tsayawa a ya jiki, don na san amsar. Hajiya ta daɗe tana fama da gwiwa, kuma kullum da sauƙi. Kwanaki na ce, "Hajiya, sallar asuba a tsaye kika yi ko a zaune?" Ta yi dariya ta ce ai tun azumi a kan kujera take yi. A ranar na kira yayana na ce ya kai ta a ɗauki hoton ƙashin.