Takardar da ajoshi ya jefa a durowa

Lokacin da nake karatu a Daejeon, a Koriya ta Kudu, ɗakin saman shagon wani mai gyaran kekuna na kama haya. Shekararsa 54. Ajoshi nake ce masa, yadda ake kiran magidanci mai irin shekarunsa, shi kuma sunana ya gagare shi, sai ya riƙa ce mini haksaeng, wato ɗalibi.

Wata rana ina neman sukurdireba a durowarsa na ci karo da ambulan daga asibiti, mai ya ɓata gefensa. Sakamakon gwajin lafiya ne, wanda hukumar inshorar lafiya ta ƙasar ke yi wa mutane duk bayan shekara biyu. Wanda aka haifa a shekara mai lamba cika, a shekara mai cika yake zuwa, mai mara kuma a mara. Daga shekara 40 har da leƙa tumbi da na'ura saboda kansar ciki. Ajoshi bai taɓa fashi ba. Yakan yi azumin awa 8, a ɗebi jininsa, takarda ta zo, ya leƙa shafin farko ya ajiye.

Da na tambaye shi, ya ɗora yatsa mai baƙin mai a kan kalma guda: jeongsang, lafiya lau. Harafin B da ke gefenta bai dame shi ba. Alhali jeongsang B na nufin kana bakin rami, ba ka dai faɗa ba. Na yi aikin jinya kafin in taho, don haka lambobin ba baƙi ba ne a wurina: sukarinsa na azumi 118, kuma daga 126 ake zancen ciwon sukari, hawan jini 136 bisa 88, ƙugu santimita 94, a ƙasar da 90 ce iyakar namiji. Mutum ne mai karanta jarida kullum, amma kalmomin asibiti na Koriyanci yawancinsu tushensu Sinanci ne, masu nauyi, kuma babu wanda ya taɓa zama da shi a kansu.

Nan na yi wauta. Da dare, abokansa biyu na zaune, koren kwalaben soju, giyar Koriya, a kan tebur, nama na ƙauri a gasa, na shiga yi masa wa'azin gishiri da giya da taba. Ya yi murmushi ya ce gwaenchana, ba komai. Kwana huɗu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ni da na tashi a inda yaro ba ya gyara wa babba zama a gaban mutane, ban san yadda aka yi na manta ba.

Dabarar da ta yi aiki daga baya ba ta da wani armashi. Na kawo takardar na ce, "Ajoshi, Koriyancina ya gaza, a taimaka a koya mini waɗannan kalmomi." Ya sa tabarau, ya gyara zama irin na malamai. Kalma ɗaya a rana. Idan ta fi ƙarfinsa ya duba a waya, ni kuma in faɗi abin da lambar ke yi wa jiki kamar ina tabbatar da darasina. Ranar da muka kai kan sukari ya yi shiru, ya ce ashe shi ya sa barci ke dannar sa bayan tuwon shinkafa... ban ce e ba, ban ce a'a ba, na ce likita za a tambaya. Shi ya rubuta tambayoyi uku a bayan rasit ya tafi da su.

Lamba 126 ba ta taɓa tsorata shi ba. Abin da ya motsa shi, ya lura abokansa na barin sa a baya idan sun hau dutsen Gyejoksan ran Lahadi, inda ake taka jan yumɓu ba takalmi. Wani kamfanin soju ne ma ya shimfiɗa hanyar, abin da ya riƙa tsokanata da shi ke nan.

Bai daina shan soju ba. Ya dai bar shanye romon ramyeon, taliyar nan mai gishiri, ya kuma yi rajista a sashen daina taba na asibitin gunduma, kyauta, ko da yake sau biyu na kama shi yana zuƙa a bayan shago. Ranar da zan bar gidan, takardar na manne a bango kusa da kalanda, ya zagaye harafin B da jan biro.