Kalmomin da muka bari a buɗe a yarjejeniyar majalisar ma'aikata

Har yau abin yana ci mini rai. Ina cikin wakilan da suka zauna da hedikwatar wani kamfanin ƙera motoci don kafa majalisar ma'aikata ta Turai, wato taron wakilan ma'aikatan kamfani daga ƙasashe daban-daban da hedikwata za ta riƙa sanarwa da tuntuɓa, kuma wurin da muka raina, nan aka kayar da mu.

Cika sharuɗɗa bai ba mu wahala ba. Dokar Tarayyar Turai ta 1994, wadda aka sabunta a 2009, tana neman ma'aikata 1,000 a ƙasashen tarayyar, da aƙalla 150 a kowace ɗaya cikin ƙasashe biyu. Ta kuma ba da shekara uku a tattauna. Mu kuwa muka ƙare ƙarfinmu kan rabon kujeru da kuɗin tafinta, sannan muka sa hannu a kan cewa za a sanar da mu "a kan lokaci" game da duk abin da ya "shafi ƙasa fiye da ɗaya". Ba adadin kwanaki, ba fayyace ma'ana.

Da aka tashi ɗauke haɗa injuna daga wata masana'anta zuwa wata ƙasa, sai hedikwata ta ce ai maganar cikin gida ce, tunda ƙasa ɗaya ke rasa aiki. Da muka matsa, takardu suka iso ana gobe taro, cikin harshe ɗaya, kowane shafi da hatimin sirri. Wakilin masana'antar ya zauna da fayil a cinya, bakinsa a ɗaure, ba damar ya gaya wa waɗanda suka zaɓe shi komai.

Abin takaicin, mun san labarin garin Vilvoorde. A 1997 Renault, mai ƙera motoci ta Faransa, ta sanar da rufe masana'antarta da ke wannan gari na Beljiyam mai ma'aikata kusan 3,100 ba tare da tuntuɓar majalisarta ba. Kotun Faransa ta ce ta saɓa ƙa'ida, amma masana'antar ta rufu. Majalisa ba ta da ikon hana yanke shawara, lokaci ne kawai makaminta, shi kuwa muka saki.

Duk mai shirin zama irin wannan, ya rubuta kwanaki da lamba: takardu a fassare kwana kaza kafin taro, ra'ayin majalisa kafin a zartar, amsar kamfani a rubuce da dalilanta. Ya rubuta ƙarara cewa mayar da aiki daga wata ƙasa zuwa wata ya shafi majalisa ko da ɓangare ɗaya ne ya yi asara. Hatimin sirri ma a sa masa dalili da ranar ƙarewa.

Mun nemi a sake buɗe waɗannan sassan, amma sai an sake zama da kamfani, shi kuwa ba ya sauri.