Kafin ka ji shawara, tambayi la'adarshi

Shekaranjiya wani abokina da muka yi sakandare tare ya same ni a shago, ko gaisuwa ba mu gama ba ya ciro waya, wai akwai wata manhaja da in na zuba dubu 200, za a riƙa turo min duk wata kashi 25 cikin ɗari ina kwance a ɗaki. Na ce to kai nawa ake ba ka in na shiga? Ya yi dariya, ya sosa ƙeya, can ya ce "ɗan ihsani ne kawai." Ashe kashi 10 na kuɗina nashi ne tun ranar farko, ko na ci ko na faɗi shi ya riga ya sha.

Ni wallahi ba kamashon ne ya ɓata min rai ba, kowa da hanyar cin abincinshi, ɓoyewar ce. Kuma mu ba yara ba ne, mun ga yadda MMM, harkar zuba kuɗin nan ta damfara, ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, ga 'yar'uwarta CBEX ma a Afrilun 2025, da yawa daga cikin waɗanda suka shiga kuma wani na gida ne ya ja su, wanda ake jin nauyin ce ma a'a. Na ce ya nuna min rajistarsu da hukumar SEC mai sa ido kan harkar zuba jari, sai ya ce network.

Shi ya tuno min da kawuna, dillalin albasa ne fiye da shekara 30, yana ɗauko kaya daga Goronyo da Wurno. Bara na kai mai kuɗi ya sayo min buhu 40 in ajiye sai ta yi tsada. Ya kwance bakin buhu guda, ya ɗauko ɗaya ya matsa wuyanta da babban yatsa ya miƙo min, ya ce ɗana wagga ba ta bushe ba, sati uku ba za ta yi ba za ta fara ruɓa, riƙe kuɗinka sai ta rani ta shigo. Mutumin da ke da la'ada a kan kowane buhu fa! Na ce kawu ai kai ka yi asara, ya ce in ta ruɓe a hannunka da wane ido zan dubi uwarka.

Abokin nawa dai har daren jiya yana turo min hotunan alat a WhatsApp, ban buɗe ba tukuna.