Benen Jidda da ɗakin Gwaggo

Tunda aka koma aikin dogon benen nan na Jidda a watan Janairun 2025, da wuya mako ya wuce wani daga Funtuwa bai turo mini bidiyonsa ba, yana tambaya ko da gaske ne zai zarce mita 1,000. Da gaske ne, haka aka tsara shi. Kullum ina ganinsa, domin ni direba ne, ina jigilar leburori zuwa wani aikin gini a Abhur, arewa da gari, babu nisa tsakaninsu.

Lokacin da na sauka a 2022 aikin a tsaye yake. An fara shi a 2013, aka dakata a 2018 yana hawa sittin da 'yan kai. Yanzu kuwa ba dare ba rana ana ta zuba kankare. In aka gama zai kere Burj Khalifa na Dubai mai mita 828, wanda ke riƙe da kambun tun 2010, balle benen agogon Makka mai mita 601 da alhazanmu ke ɗaukar hoto a gabansa. Ina jin daɗi idan na ce a garin nake zaune, kuma ina girmama masu irin wannan aiki. Waɗanda nake ɗauka yawanci 'yan Bangaladash ne da Fakistan da Nefal. Zafin Jidda mai danshi ne, kafin hantsi riga ta jiƙe sharkaf. Daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba doka ta hana aiki a rana daga sha biyu zuwa uku, amma duk da haka da yamma kafin in tayar da mota rabinsu sun yi barci.

Sai dai akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da garin nan, kuma masu turo bidiyo ba su san shi ba.

Baba bai yarda na taho ba sai don yayarsa tana nan. Gwaggo ta zo aikin hajji tun kafin a haife ni, ta zauna a Karantina, tana sayar da tuwo da fura. Duk Bahaushen da ya san Jidda ya san Karantina da Gulel da Sabil, nan mutanenmu suke zaune a da. Da kuɗin tuwon nan ta yi wa gidanmu rufin kwano, ta aurar da yayyena mata biyu. Juma'ata ta farko na shiga tasi na ce Karantina. Mai tasin ya dube ni, ya kai ni, ya nuna mini fili da tarin ɓaraguzai. Tun ƙarshen 2021 aka fara rushe tsofaffin unguwanni, a rubuta wa gida jan fenti a bango, a ba mutane ɗan wa'adi, sai katafila ta shigo. Masu gida 'yan ƙasa an yi musu maganar diyya. Baƙo ɗan haya kuwa sai dai ya kwashe komatsansa.

Da na kira Gwaggo, sai ta yi mini kwatancen wani ɗaki can gefen gari, su huɗu a ciki, duk tsofaffi, haya ta ninka, masu sayen tuwo sun watse. Manyan tukwanenta ma ta sayar. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗana, na haɗa ka da Allah kada ubanka ya ji. Yana da hawan jini."

Ban ce kada a gyara gari ba. Lungunan nan akwai ƙazanta, akwai masu laifi da ke ɓuya a ciki, kowa ya sani. Amma ƙasar da ke da kuɗin tura kankare sama har kilomita guda ba za ta rasa na ɗakin da za ta ajiye tsohuwar da ta ƙarar da ƙuruciyarta tana ciyar da baƙin Allah ba. Wannan tunanin ne ke zuwa mini duk asuba idan na hango fitilun benen.

Ranar Juma'a kaɗai nake jin Hausa baki da baki. Ina saya mata kazar Albaik, ita kuma ta tuƙa mini tuwon shinkafa a ƙaramin risho, ta tambaye ni mutanen unguwarmu ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka daɗe da rasuwa. Albashina kashi uku nake yi: na gida, na hayarta, sai ɗan abin da zan ci tamis da ful, wato gurasa da wake.

Baba kuwa duk kira sai ya ce, "Yaya tana lafiya? Ciniki fa?" In ce lafiya lau take, in kauce wa ta biyun. Ƙanena Sani ya gama sakandare, ya matsa sai in nemo masa kafili, wato ubangidan da zai tsaya masa ya shigo ƙasar, wai zai sauka wajen Gwaggo kafin ya samu aiki. Na ce masa ya fara koyon walda tukuna, ya yi fushi, ya daina ɗaga wayata.

Na roƙi Gwaggo ta bari in haɗa kuɗi ta koma gida, ɗakinta na nan, rufin ma ita ta yi shi. Ta ce ita addu'arta a yi mata sallah a Harami. Baba kuma ya fara adashi, ya ce in Allah ya yarda da azumi zai zo umara, kuma a gidan Yaya zai sauka.