Ranar da na kwana da tunanin tsuntsayen Sandy

A ƙarshen watan Janairu na shiga jirgin ƙasa daga Landan zuwa Sandy, wani ƙaramin gari a gundumar Bedfordshire, tafiyar da ba ta cika awa guda ba. Daga tasha na taka da ƙafa na haura tudu zuwa The Lodge, gidan da ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ta mayar hedikwatarta tun 1961. Raɓa ta daskare a kan ciyawa, kuma sanyin ya ratsa safar hannuna tun kafin in isa lambun.

Na sami benci kusa da inda aka rataye mazuban abinci, wasu cike da gyaɗa a cikin ragar ƙarfe, wasu da dunƙulen kitse. Wanda ya fara zuwa shi ne ɗan tsuntsu mai shuɗin kai da rawayan ciki, wanda mutanen ƙasar ke kira blue tit. Nauyinsa bai wuce giram 11 ba, amma a haka yake kwana a waje cikin daren hunturu mai tsawon kusan awa 15. Ya maƙale da ragar kansa a ƙasa, ya tsattsagi gyaɗa sau uku, ya waiga, ya tashi. Can sai ga maƙwaƙwafi mai baƙi da fari da ja a ƙarƙashin wutsiya, kuma saukarsa ke da wuya ƙananan suka watse cikin reshe, suka jira har ya ƙoshi.

Abin ya taɓa ni ƙwarai, domin na tashi a inda ake tura yara gona da gwangwani su kori tsuntsu daga kan gero, ga shi nan kuma mutane na cire kuɗinsu su sayo masa abinci. Wata dattijuwa da ke gefena tana rubutu a ɗan littafi ta ce tana shirin ƙidayar tsuntsayen lambu, wadda ake yi duk shekara tun 1979, kowa ya zauna awa guda ya ƙirga abin da ya sauka a gidansa.

Tsattsewa kuwa ko ɗaya ban gani ba, don ta riga ta ƙetare Sahara tun kaka. Wajen ƙarfe huɗu da rabi rana ta faɗi, na miƙe ƙafafuna sun yi tsami, na bar ɗan shuɗin kan nan yana ta komawa ga kitsen kafin duhu ya rufe.