Godiya ga waɗanda suka tsaya mini a lokacin da na goge faifan shagona da hannuna

Assalamu alaikum. Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, na ga ya wajaba in fito fili in gode wa mutanen da suka tsaya tare da ni a kwana huɗun da shagona na buga takardu da yankan sitika a nan Garwa ya kasance a rufe, tare da bayyana abin da ya faru domin abokan ciniki da suka yi ta zuwa suna tarar da kwado a ƙofa.

Tsohuwar kwamfutar shagon ta mutu ne bayan wata ɗaukewar wuta, sai na sayi wata ta hannu wadda ta zo da Windows 8. Injin yankan sitikar da nake aiki da shi tsoho ne, kuma manhajar da ke tuƙa shi ba ta aiki sai a kan Windows 7 mai bit 32, wanda ya fito tun 2009. Da na zo ɗora shi, sai kwamfutar ta rubuto mini da Faransanci cewa ba za a iya girka Windows a kan faifan ajiyar bayananta ba, domin tsarin da aka raba shi yanki-yanki na GPT ne. Kwamfutocin da suka zo da Windows 8 suna tashi ne ta sabuwar hanyar kunna kwamfuta mai suna UEFI da faifai mai tsarin GPT, alhali Windows 7 mai bit 32 ba ya tashi sai ta tsohuwar hanyar BIOS da faifai mai tsarin MBR. Na ga bayanin mafita a intanet: a danna Shift da F10, a buɗe diskpart, manhajar Windows ta sarrafa faifai, a zaɓi faifai, a rubuta clean, sannan convert mbr.

A nan ne na yi wa kaina sakiyar da ba ruwa. Na riga na cire faifan tsohuwar kwamfutar na jona shi a cikin sabuwar, kuma faifan biyu duk girmansu ɗaya ne, gigabayit 500. Na zaɓi faifai mai lamba 0 bisa zaton cewa shi ne na sabuwar, na rubuta clean, kuma diskpart ba ya tambayar mutum ko ya tabbata. Sai da na ga saƙon GPT yana nan bai gushe ba, ɗaya faifan kuma ya koma fili fetal, sannan na gane cewa aikin shekara da shekaru na goge: katunan ɗaurin aure, tamburan 'yan kasuwa da takardun makarantun da nake buga wa jarrabawa.

Godiyata ta farko tana ga ɗan yayana da ke karatu a Jami'ar Ngaundere, wanda na kira da tsakar dare. Bai tsaya yi mini faɗa ba, abin da ya ce shi ne: "Baba, kashe ta yanzu, kada ka ƙirƙiri sabon yanki, kada ka yi fomat, kada ka ajiye komai a kai." Ya bayyana mini cewa clean yana share teburin da ke farkon faifai ne, wato rubutun da ke nuna inda kowane yanki ya fara da inda ya ƙare, kamar a tuge duwatsun iyakar gona amma hatsin yana tsaye. Da a ce clean all na rubuta, wanda ke bin faifan gaba ɗaya yana cika shi da sifiri, da sai dai haƙuri.

Sai kuma malamin gyaran kwamfuta da ke kusa da babbar kasuwa, wanda ya bar nasa aikin ya yini biyu a shagona. Ya yi amfani da TestDisk, manhajar kyauta da Bafaranshe Christophe Grenier ya rubuta. Binciken farko ya gano yanki na biyu, inda mafi yawan ayyukan abokan ciniki suke, cikin ɗan lokaci. Yanki na farko ne ya ba mu wahala, domin kansa yana cikin wurin da aka share, sai da bincike mai zurfi ya shafe sa'o'i kafin ya samo kwafin bayanan tashi da NTFS, tsarin ajiye fayiloli na Windows, ke ɓoyewa a ƙarshen yanki. Abin da ya fi burge ni shi ne ya ƙi mayar da teburin a kan faifan har sai da ya kwashe fayilolin zuwa wani faifai daban, duk da cewa ina ta gaggauta shi. Malam, ka yi haƙuri da ƙosawar da na nuna, kai ne ke da gaskiya.

Shi ne kuma ya ƙarasa girkawar, bayan ya cire tsohon faifan daga cikin kwamfutar tukuna. Ya kashe Secure Boot, kariyar da ke hana tsohon Windows tashi, ya kunna CSM, wanda ke ba kwamfutar damar tashi ta tsohuwar hanyar BIOS, ya mayar da faifan da ya dace zuwa MBR, kuma ya tunatar da ni cewa wannan tsari ba ya ɗaukar manyan yankuna fiye da huɗu, Windows 7 kuma yana cinye ɗaya da ɗan yankinsa na megabayit 100. Har filashin da ke ɗauke da Windows 7 ɗin ma sai da muka mayar ramin USB baƙi, domin Windows 7 bai san shuɗin ramin USB 3.0 ba. Tun da Microsoft ya daina sabunta Windows 7 a ranar 14 ga Janairun 2020, mun yanke shawarar cewa wannan kwamfuta ba za ta taɓa intanet ba.

Ina kuma gode wa maƙwabcina mai shagon ɗinki da ya jona mana wuta daga janaretonsa domin kada binciken ya katse, da abokin sana'ata na unguwar Yelwa da ya buga wa wasu masu biki katunansu a injinsa ba tare da ya karɓi ko sisi ba, da uwargida da ta jure ganina ina safa da marwa a tsakar gida. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya sa albarka a sana'o'inku.

Shago zai buɗe ranar Litinin da safe in Allah ya yarda, kuma waɗanda suka bar aiki kafin wannan matsala su ne za a fara sallama.