Amsar da ta shigo ba sallama

Ƙanwata tana shirin jarrabawar WAEC, ni kuma rabona da aji shekara takwas ke nan, ina tsaron shago a Kantin Kwari. Amma a gidanmu na Fagge har yau ni ake ce wa mai lissafi. Ran wata Asabar bayan isha'i ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta turo min littafinta. An ɗauke wuta, sai fitilar waya da ta jingina a jikin buta.

Tambayar ita ce √(x + 7) + 5 = x.

Na gyara zama. Na ce mata da farko a ware rut ɗin, wato ɓangaren da ke da alamar √, shi kaɗai, a tura 5 ɗaya gefen, ya zama √(x + 7) = x − 5. Sannan a yi wa kowane gefe sukwaya, wato a ninka shi da kansa, rut ya kau. A nan yara da yawa ke zamewa, su rubuta x² + 25, su bar −10x na tsakiya. Ni ban bari ba, har ina ɗan hura hanci. Na sami x + 7 = x² − 10x + 25, na tattara ya koma x² − 11x + 18 = 0. Lambobi biyu da ninkinsu 18, jimlarsu 11? Ai 2 da 9 ne. Na ja layi biyu a ƙasa, na miƙa mata biro.

"Yaya, ka mayar da su ka gani?"

"A ga me? Ai lissafi ya fita."

"Malaminmu ya ce in dai da rut, sai an mayar."

Na karɓi biron don kawai in rufe mata baki. Na sa 9: rut na 16 shi ne 4, a ƙara 5, ya ba da 9 cif. Na sa 2: rut na 9 shi ne 3, a ƙara 5, sai ga 8. Takwas fa, ba biyu ba! Sau uku ina bin aikin layi-layi, sauro na cin ƙafata, ita tana danne dariya da gefen hijabi. Ban ga kuskure ko ɗaya ba.

Sai da na koma layi na biyu na gano ɓarnar. Idan x ya zama 2, gefen hagu 3 ne, gefen dama −3. Ba ɗaya ba ne, amma da aka yi musu sukwaya duk suka zama 9. Sukwaya ba ruwanta da alamar ragi, haɗiye ta take yi, shi ya sa take buɗe wa baƙuwar amsa ƙofa. Alamar √ kuwa ba ta ba da lamba ƙasa da sifili. Ke nan tun a layin nan ya kamata in rubuta a gefe cewa x ba zai gaza 5 ba, da 2 ba ta ko kai bakin zaure ba.

Don in ɗan rama, na rubuta mata √(x − 3) = −2, ina jiran ta yi sukwaya ta kawo min 7. Ko biro ba ta ɗauka ba.

"Yaya, wannan ai ba ta da amsa. Rut ne fa, ya za a yi ya zama −2?"

Inna ta leƙo daga ɗaki ta tambayi wa ke koya wa wani.